Ƙwallon Ruwa: Wasan Da Turawan Birtaniya Suka Ƙirƙiro, Ƙananan Ƙasashe Suka Gaje



Da ganin take na san akwai masu cewa, yau kuma ina aka nufa da mu? Ku yi mini haƙuri ku biyo ni, abin da ya kawo ni nan ba shi da nisa da ƙwallon ƙafar da muke kwana muna musu a kanta. Duk mai kallon Manchester City ya san Pep Guardiola, amma ba kowa ya san wani ɗan Sifaniya da ke tare da shi duk inda ya je ba, tun daga Barcelona zuwa Bayern Munich har Ingila. Sunansa Manuel Estiarte. Mutumin nan ba a filin ciyawa ya yi suna ba, a ruwa ya yi. Ya je gasar Olamfik sau shida, daga 1980 zuwa 2000, ya jefa ƙwallo 127 a raga, a wani wasa da Turawa ke kira wota folo, ni kuma zan kira shi ƙwallon ruwa. Garin neman sanin ko wane ne shi na faɗa cikin tarihin wasan, sai na tarar da abin da ya fi shi ban mamaki.

Daga 2000 zuwa 2024 an yi Olamfik sau bakwai, kuma lambar zinare ta ƙwallon ruwa ta maza ba ta fita daga hannun ƙasashe uku ba: Hangari sau uku, Kuroshiya sau ɗaya, Sabiya sau uku. Maƙwabtan juna ne, kowace ta yi iyaka da sauran biyun. In ka tara jama'arsu duka, miliyan 20 ne da 'yar ɗoriya. Biyu daga cikinsu, Hangari da Sabiya, ko teku ba su da shi. Amurka da Rasha da Sin da Jamus, masu kwashe lambobi a sauran wasanni, a nan sai dai su tsaya a azurfa ko su koma gida hannu rabbana. Ita kuwa Birtaniya da ta ƙirƙiro wasan, rabonta da zinare tun 1920. To yaya aka yi haka?

Bari in fara bayyana wasan kansa, don da yawanmu ko a talabijin ba mu taɓa tsayawa mun kalle shi ba. Sunan ya yi kama da na folo, ƙwallon dawakin nan da ake yi a Katsina da Kaduna da Kano, sai dai babu doki a ciki. Mutum bakwai ne kowane ɓangare, shida a fili ɗaya a gola, cikin tafkin ninƙaya mai zurfin da ƙafa ba ta kai ƙasa, ko ta kai ma doka ta hana a taka. Wasan kashi huɗu ne, kowane kashi minti takwas, kuma ana tsayar da agogo duk sanda aka busa usur. Da hannu ɗaya ake kama ƙwallo, da shi ake jifa, gola kaɗai aka yarje wa hannu biyu. Faɗin raga mita uku, tsayinta daga saman ruwa santimita 90. Wanda ya yi babban laifi a fitar da shi na ɗan lokaci, abokansa su ci gaba da mutum biyar, in ya maimaita sau uku ya fita ke nan. Abin da ke riƙe ɗan wasa a tsaye shi ne ƙafafunsa, yana juya su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ruwa babu hutawa, har ya iya ɗago jikinsa zuwa ƙugu ya yi jifa. Sai kuma abin da ba a rubuta a littafin doka ba: alƙalan wasa a bakin tafki suke tsaye, abin da ke saman ruwa suke gani. Shuri da riƙo da jan wando duk a ƙasa ake yin su. Shi ya sa ake duba faratan 'yan wasa kafin su shiga ruwa, hular da suke sawa kuma take da marufin kunne.

A Birtaniya wasan ya samo asali, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da garuruwa ke ta gina gidajen wanka na jama'a ana kuma shirya bukukuwan ninƙaya. Tsere kaɗai yana gundurar 'yan kallo, sai masu shirya biki suka riƙa jefa ƙwallo a ruwa samari su yi ta wawaso. Wani malamin ninƙaya a Sikotlan mai suna William Wilson shi ake jingina wa tsara dokokin farko, waɗanda aka gwada a kogin Dee da ke Aberdeen a 1877. Wasan wancan zamani ya fi kama da kokawa, ka rungumi ƙwallo ka kutsa, a danne ka a ruwa har numfashi ya sa ka sake ta. A 1890 aka yi karawar farko tsakanin ƙasa da ƙasa, Ingila da Sikotlan a Landan. Mutanen Ingila suka zo da ƙarfin tuwo, na Sikotlan suka zo da miƙa wa juna ƙwallo, aka tashi Sikotlan na da ci 4 da nema. Ku riƙe wannan sakamako, don abin da ya sami Ingila ranar shi ne zai sami Birtaniya gaba ɗaya daga baya.

Shekara goma bayan haka wasan ya shiga Olamfik, a Faris a 1900, yana cikin wasannin ƙungiya na farko da aka karɓa. Cikin kogin Seine aka buga, kuma kulob-kulob ne suka wakilci ƙasashe, inda kulob ɗin Osborne na Manchester ya doke na Brussels 7 da 2. A 1904 a St. Louis Amurkawa ne kaɗai suka yi ta bugawa da junansu da nasu dokokin, shi ya sa masu lissafi kan ajiye wannan shekarar gefe. Daga nan Birtaniya ta ci 1908 da 1912 da 1920 a jere. Gwarzonsu a duk ukun shi ne Paulo Radmilovic, haifaffen Cardiff, wanda mahaifinsa ya yi ƙaura daga Dubrovnik, garin da ke gaɓar tekun Adriatic a Kuroshiya ta yau. Ashe tun a zamanin da Birtaniya ke cin karenta babu babbaka, jinin waccan gaɓa na cikin tawagarta. Shi ya ci ƙwallon da ta raba gardama a wasan ƙarshe na 1920 a Antwerp, 3 da 2 a kan masu masaukin baƙi Beljiyam, cikin ruwa mai tsananin sanyi da aka tare a gwalalon tsohuwar ganuwar birnin. 'Yan kallo suka fusata, sai da jami'an tsaro suka yi wa 'yan Birtaniya rakiya. Tun daga ranar ko tagulla ba su sake samu ba. Bayan 1956 ma ba a sake ganinsu a Olamfik ba sai 2012, da suka shigo a matsayin masu masauki, aka cinye su a duk wasanninsu biyar.

A 1924 Faransa ta ci a gida. Amurka ta zo ta uku, cikin 'yan wasanta har da Johnny Weissmuller wanda daga baya ya fito a matsayin Tarzan a fim. Amma babban abin da zai sauya wasan ba a Faris yake faruwa ba.

A 1920, shekarar da Birtaniya ta ɗauki zinarenta na ƙarshe, aka sa hannu kan yarjejeniyar Trianon, wadda ta hukunta Hangari saboda ɓangaren da ta bi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta rasa fiye da kashi biyu cikin uku na ƙasarta, har da hanyarta ta zuwa teku. Abin da ba a iya ƙwacewa ba shi ne ruwan da ke ƙarƙashin Budapest. Birnin yana zaune ne a kan maɓuɓɓugan ruwan ɗumi masu yawa, irin Wikki ta Yankari ga wanda ya taɓa zuwa, kuma tun zamanin Rumawa da na Turkawa ake gina gidajen wanka a kansu. A ƙasar da hunturu ke daskarar da kogi, samun ruwa mai ɗumi shekara ta zagayo ba ƙaramin jari ba ne. A 1930 aka buɗe babban gidan ninƙaya na ƙasa a tsibirin Margit da ke tsakiyar kogin Danube. Wanda ya zana ginin, Alfred Hajos, shi ne ɗan Hangari na farko da ya ci zinare a Olamfik, a ninƙaya a 1896, kuma ya duƙufa kan iyo ne bayan mahaifinsa ya nutse a Danube yana ɗan shekara 13.

Ruwa kaɗai ba ya koyar da kowa, sai da malami. Malamin shi ne Bela Komjadi. Kafin shi, in za ka ba abokinka ƙwallo, jefa ta kake yi ta faɗi a ruwa kusa da shi, ya iyo ya ɗauka. Komjadi ya horar da yaransa su cafke ta a sama tun ba ta taɓa ruwa ba, su wuce da ita ko su narka a raga nan take. Ji kamar ƙaramin abu, amma shi ya mai da wasan na gudu da ido, ya rage wa masu ƙarfin dantse tasiri. Hangari ta ci gasar Turai ta farko, wadda aka yi a Budapest a 1926. A Olamfik na 1928 Jamus ta ƙwace zinare a hannunta a ƙarin lokaci, 5 da 2. A 1932 a Los Angeles da 1936 a Berlin kuwa babu wanda ya tare ta.

Gasar 1932 tana da wani labari da ba zan iya wucewa ba. Duniya na cikin karayar tattalin arziki, ƙasashe biyar kawai suka kawo tawaga. 'Yan Brazil a jirgin ruwa suka zo da buhunan kofi, suna sayarwa a hanya don su samu kuɗin tafiya. Bayan duk wannan wahala, da Jamus ta doke su 7 da 3, sai suka fito daga ruwa suka far wa alƙalin wasa, aka kore su daga gasar. Alƙalin nan Komjadi ne. Shekarar da ta biyo baya ya rasu yana tsaka da buga ƙwallon ruwa. Cikin almajiransa akwai Oliver Halassy, wanda ya rasa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa a wani hatsari tun yana yaro. A wasan da na ce muku ƙafafu ne ke riƙe mutum, Halassy ya samu azurfa a 1928 da zinare biyu a 1932 da 1936, ya kuma zama zakaran Turai a ninƙayar mita 1,500 a 1931. A 1946 harbin sojan Sobiyet ya yi ajalinsa kusa da gidansa a Budapest, yana da shekara 37.

Daga 1928 zuwa 1980 an yi Olamfik sau 12, kuma babu wanda Hangari ta dawo daga gare shi ba da lamba ba. Italiya ta ƙwace 1948 da 1960, Tarayyar Sobiyet ta ci 1972 da 1980, amma Hangari ce ma'aunin da kowa ke gwada kansa da shi. Mutum ɗaya, Dezso Gyarmati, ya tara lambobi biyar daga 1948 zuwa 1964, uku na zinare, sannan ya koma koci ya kai yaransa ga zinaren 1976.

Cikin waɗannan shekaru akwai wasa ɗaya da ko wanda bai san komai game da ƙwallon ruwa ba yakan ci karo da hotonsa. Ranar 23 ga Oktoba 1956 ɗalibai da ma'aikata suka yi bore a Budapest kan gwamnatin kwaminisanci da Masko ke juyawa. 'Yan ƙwallon ruwa na sansanin horo a kan tuddan da ke saman birnin, suna jin ƙarar bindiga suna hango hayaƙi. Aka kwashe su zuwa Cekoslobakiya don kada su shiga rikicin, daga can suka kama hanyar Melbourne ta Ostireliya inda za a yi Olamfik. Ranar 4 ga Nuwamba tankokin yaƙin Sobiyet suka afka wa Budapest. An kashe 'yan Hangari kimanin 2,500, wasu kimanin 200,000 suka tsallake iyaka. Sai da 'yan wasan suka sauka Ostireliya suka san girman abin da ya faru, kuma da yawansu ba su san halin da iyalansu ke ciki ba.

Ranar 6 ga Disamba aka haɗa su da Tarayyar Sobiyet. Zauren cike yake da 'yan Hangari mazauna Ostireliya. 'Yan wasan Hangari sun koyi Rashanci a makaranta bisa dole, sai suka yi amfani da shi wajen zagin abokan karawarsu, da nufin su harzuƙa su manta da wasa. Dabarar ta ci. Aka yi ta naushi da shuri sama da ƙasa, Hangari na zura ƙwallaye har huɗu, biyu daga hannun wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Ervin Zador. Ana dab da tashi, Zador ya waiwaya jin usur, Valentin Prokopov ya taso ya kai masa naushi a ido. Ya fito daga tafki jini na bin fuskarsa. 'Yan kallo suka diro daga kujeru suka nufi bakin ruwa, 'yan sanda suka shiga tsakani, aka tsayar da wasa aka ba Hangari nasara 4 da nema. Jaridu suka sa masa suna wasan jini a cikin ruwa.

A nan ina da 'yar magana. Ruwan bai rine ja ba kamar yadda ake zuzutawa, kuma wasan ba shi ne na ƙarshe ba. Sai da Hangari ta sake doke Yugoslabiya 2 da 1 kafin ta ɗauki zinare, Zador na zaune a gefe da kumburarren ido. Sannan samarin Sobiyet da aka zaga ba su suka tuƙa tankoki ba, 'yan wasa ne da suka zo neman lamba kamar kowa, suka kuma tafi da tagulla. Hoton jinin ya rufe wani abu da ya fi shi daɗewa: a wannan gasa ce Hangari ta fito da tsaron yanki, wato kowane ɗan baya ya tsare wani ɓangare na gaban raga maimakon ya manne wa mutum ɗaya, abin da ya rikita abokan karawarsu. Su kansu 'yan Sobiyet, kafin gasar, Hangari suka je suka kwaikwayi salon horonta. Almajiri ne ya gamu da malaminsa a ranar da malamin ke cikin baƙin ciki. Bayan an watse, kusan rabin tawagar Olamfik ta Hangari ba ta koma gida ba. Zador ya wuce Amurka ya zama malamin ninƙaya a California, cikin yaran da suka bi ta hannunsa har da Mark Spitz, wanda ya ci zinare bakwai a 1972. Zador ya rasu a 2012.

Yugoslabiyar nan da ta sha kashi 2 da 1 ita ce rabin labarin na biyu. Nata ƙwallon ruwan a teku ya girma. A garuruwan gaɓar Adriatic, irin su Split da Dubrovnik da Kotor da Herceg Novi, ana kafa raga a cikin tashar jiragen ruwa in bazara ta yi, unguwa ta kara da unguwa. Daga baya manyan kulob na Belgrade da Zagreb, Partizan da Mladost, suka riƙa ɗibar yaran gaɓa suna gogar da su a tafkunan cikin gida. Ƙasar ta yi ta tsayawa a azurfa, 1952 da 1956 da 1964, sai a 1968 a Meziko ta doke Sobiyet 13 da 11 a ƙarin lokaci. A 1973 aka fara gasar cin kofin duniya ta wasannin ruwa, a Belgrade, ko da yake Hangari ce ta ɗauki kofin farko.

Sai zamanin Ratko Rudic. Ya samu azurfa yana ɗan wasa a 1980, ya karɓi ragamar tawagar ƙasa, ya ci zinare a 1984 da 1988, duka biyun a kan Amurka. Na 1984 ya fi ciwo ga Amurkawa, don a gidansu ne, suna gaba 5 da 2 aka farke aka tashi 5 da 5, yawan ƙwallaye ya ba Yugoslabiya zinare. Gaskiya ne Hangari da Sobiyet sun ƙaurace wa waccan gasa, amma a 1988 kowa ya zo kuma sakamakon bai sauya ba. A tawagar akwai Sabiyawa irin su Igor Milanovic da 'yan Kuroshiya irin su Perica Bukic, ɗaki ɗaya, hula iri ɗaya. A Janairun 1991 suka sake cin kofin duniya a Perth. Watanni kaɗan bayan haka Kuroshiya ta ayyana 'yancin kai, yaƙi ya ɓarke, aka yi ta ruwan bama-bamai a kan Dubrovnik.

Takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana abin da ya rage na Yugoslabiya shiga wasannin ƙungiya a Olamfik na 1992. Masu bin ƙwallon ƙafa sun san irinsa, don shi ne ya ba Denmark gurbi a gasar Turai ta wannan shekarar har ta ɗauki kofi. To a ƙwallon ruwa zakarun duniya ba su zo Barcelona ba, wasan ƙarshe ya kasance tsakanin Sifaniya da Italiya. Ku dubi benci. Mai horar da Italiya Ratko Rudic ne, mai horar da Sifaniya Dragan Matutinovic ne, dukansu 'yan Kuroshiya. An hana tutar shigowa, amma malaman tuni suna ciki. A gaban Sarki Juan Carlos aka yi ta fafatawa har ƙarin lokaci kashi shida, kafin Ferdinando Gandolfi ya ci wa Italiya, aka tashi 9 da 8. Kyaftin ɗin Sifaniya da ya ga zinare ya kuɓuce masa a gida shi ne Estiarte na Guardiola. Ya rama a 1996 a Atlanta, inda Sifaniya ta doke Kuroshiya 7 da 5. Cikin 'yan Kuroshiyar da suka karɓi azurfa ranar har da Bukic, mai zinare biyu da sunan ƙasar da babu ita. A hanyarsu ta zuwa can sai da suka fitar da tsofaffin abokansu na Belgrade.

Gabar ba ta tsaya a ruwa ba. A wasan ƙarshe na gasar Turai ta 2003 a garin Kranj na Slobeniya, Sabiya da Montenegro, wadda a lokacin ƙasa ɗaya ce, ta doke Kuroshiya 9 da 8, magoya baya suka yi ta jifa da fashe-fashe, rikicin ya kai har ofishin jakadancin Kuroshiya da ke Belgrade. A 2006 Montenegro ma ta ɓalle. Ƙasa ce mai mutum kimanin 620,000, amma shekara biyu bayan samun 'yanci ta doke Sabiya 6 da 5 ta zama zakaran Turai. A hankalce, in aka raba tawaga ɗaya gida uku, kowane gida rauni zai yi. A nan sai aka samu ƙaƙƙarfan tawagogi uku. A Olamfik na 2012 da na 2016, ƙasashe huɗun da suka kai wasan kusa da na ƙarshe ba su sauya ba: Kuroshiya, Sabiya, Montenegro da Italiya.

Kafin nan Hangari ta farfaɗo. Bayan 1980 ta yi shekara 20 ba lamba, sai Denes Kemeny ya karɓi tawagar a 1997 ya ci zinare uku a jere: Rasha 13 da 6 a Sydney, Sabiya da Montenegro 8 da 7 a Atina, Amurka 14 da 10 a Beijing. A Sydney ɗin ne ma aka fara gasar mata, shekara 100 cif bayan ta maza. In ka bi sunayen 'yan wasan Hangari za ka ga abin kamar gidan malamai ne, ɗa na gadon uba. Istvan Szivos ya ci zinare a 1952 da 1956, ɗansa mai sunansa ya ci a 1976, jikansa Marton ya ci kofin duniya a 2013, ƙarƙashin Tibor Benedek wanda shi ma almajirin Kemeny ne. Zinaren Hangari tara ne, babu ƙasar da ta kama ƙafarta.

A 2012 Rudic ya koma gida ya kai Kuroshiya ga zinarenta na farko, nasa na huɗu da ƙasashe uku daban-daban. Wanda ya kayar a wasan ƙarshe, kocin Italiya Sandro Campagna, yaronsa ne da ya ci masa zinare a Barcelona. Daga nan Sabiya ta karɓa: Kuroshiya 11 da 7 a Rio, Girka 13 da 10 a Tokyo.

Wajen Turai fa? In aka cire 1904, babu ƙasar da ba ta Turai ba da ta taɓa cin zinaren Olamfik ko kofin duniya na maza. Amurka ce ta fi matsowa, da azurfa uku, kuma ko tagullar da ta samu a 2024, mai horar da ita Dejan Udovicic Basabiye ne. Brazil ma da za ta karɓi baƙuncin 2016, Rudic ta ɗauko. A Afirka, Masar ta sha zuwa tun 1948, zuwanta na baya-bayan nan a 2004, Afirka ta Kudu kuma ta dawo a Tokyo bayan rabonta da gasar tun 1960. Masu iyo kam ba mu rasa su ba, wanda ya taɓa kallon kabanci a bikin kamun kifi na Argungu shaida ne. Tafki mai zurfi da yaro zai shiga kullum tun yana ɗan shekara takwas, da malamin da shi ma wani malami ya koyar, su ne Budapest da Split suka tara shekara ɗari suna ginawa, kuma ko Amurka da kuɗinta hayar malaman take yi.

A Faris a 2024 kowa ya ɗauka zamanin Sabiya ya wuce. Manyan 'yan wasanta da dama sun yi ritaya bayan Tokyo, koci ma sabo ne, Uros Stevanovic. Ta sha kashi sau uku a rukuni, har Ostireliya ta yi mata 8 da 3, da ƙyar ta tsallake. A wasan daf da na kusa da na ƙarshe suna kunnen doki da Girka 11 da 11, saura 'yan daƙiƙoƙi, Nikola Jaksic ya ɗago daga nesa ya narka ƙwallo a raga. Suka fitar da Amurka, suka doke Kuroshiya 13 da 11 a wasan ƙarshe, zinare na uku a jere. Ɗan wasansu Dusan Mandic kuwa a Kotor aka haife shi, a gaɓar Montenegro, tafiyar 'yan sa'o'i kaɗan daga Dubrovnik inda mahaifin Radmilovic ya taso.